Baba na son ganin tsofaffin wurare a karkarar Ingila: ki fara kai shi Avebury

Wata 'yar'uwa da ke aikin jinya a garin Swindon ta aiko da tambaya. Ta ce mahaifinta, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya, zai zo mata ziyara, kuma tun kafin ya taso ya gaya mata shi ba kantunan Landan ne suka dame shi ba, ƙauyen Turawa yake son gani da idonsa, da wuraren da mutanen da suka bari. Hutun kwana biyu take da shi, ba ta da mota sai in ta yi haya, ga kuma gwiwar Baba ba ta son doguwar tafiya. Ta ji ana ta maganar Stonehenge, shahararriyar da'irar manyan duwatsun mutanen da, shi ne take tambaya ko can za ta kai shi.

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo Baba lafiya. Abin nema ya samu, domin wurin da zan ba ki shawara yana nan kusa da ke, tafiyar kamar rabin awa ce a motar bas daga Swindon. Sunansa Avebury, ƙauye ne a gundumar Wiltshire. Na yi shekaru ina kai baƙi wannan yanki, kuma duk wanda ya ce mini rana ɗaya yake da ita, can nake fara kai shi kafin Stonehenge. Dalilina shi ne, a Stonehenge za ki sayi tikiti, a ɗebe ku a mota daga zauren baƙi, ku zagaya duwatsun ta bayan igiya tare da ɗaruruwan mutane, ku ɗau hoto ku fito. A Avebury kuwa ƙauyen ne kansa yake zaune a cikin da'irar duwatsun. Gidaje, da ƙaramin coci, da mashaya, da titin mota, duk suna ciki. Tumaki na kiwo a gindin duwatsun, ba mai hana ki taɓawa, kuma shiga filin ba a biyan ko kwabo. Mai ilimin tarihi irin Baba zai fi samun abin taunawa a nan.

Abu na farko da zai tare idonsa ba dutse ba ne, tudun ƙasa ne da ya kewaye wurin, tsawon zagayensa ya haura kilomita ɗaya, da wani ƙaton rami a gefensa. Na tabbata zai ce, ai wannan ganuwa ce da gwalalonta. Ki ce ya sake dubawa. Wanda ya gina ganuwa don yaƙi, gwalalo a waje yake haƙawa, don maharin ya faɗa ciki kafin ya iso bango. A nan kuwa ramin a ciki yake, tudun yana waje, wato wanda ya zo daga waje shi ne a sama, na ciki yana ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba don kariya aka yi shi ba, wurin taro ne da ibada irin tasu. An yi aikin a hankali cikin ƙarnoni, tsakanin wajen shekara ta 2850 zuwa 2200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ramin da ake gani yau ƙasa ta cike fiye da rabinsa. Lokacin da Harold St George Gray ya tona shi tsakanin 1908 da 1922, ya tarar zurfinsa na asali ya kai wajen mita 9, kuma a can ƙasan ya samo kayan aikin maginan: ƙahonin barewa. Da su aka sassare farin dutsen alli na yankin. Ba ƙarfe, ba diga, ba shebur. Ki tsaya da Baba a bakin ramin ta ƙofar kudu ya leƙa, sannan ki gaya masa wannan. Yau ciyawa ta rufe komai, amma ranar da aka gama shi fari fat yake, ana hango shi daga nesa.

A bakin ramin ta ciki aka jera babbar da'irar, faɗinta kusan mita 330, ita ce da'irar duwatsu mafi girma da aka sani a duniya. Duwatsunta na asali sun kusa ɗari, wasu nauyinsu ya haura tan 40. Cikinta kuma akwai ƙananan da'irori biyu, ta arewa da ta kudu. Ba a sassaƙa duwatsun ba kamar na Stonehenge, yadda aka same su a kan tuddan Marlborough haka aka jawo su aka kafa. Shi ya sa kowanne da kamanninsa, wani dogo siriri, wani mai faɗi kamar faifai an tsayar da shi a kan kusurwa. In kika matsa kusa za ki ga gansakuka iri-iri ta yi musu zane, a ƙasa kuma dutsen ya yi sulɓi, da ɗan gashin tunkiya a maƙale inda suke zuwa suna sosa jiki. Akwai wani a ƙofar kudu mai wani lungu kamar kujera, mutanen wurin suna ce masa kujerar Shaiɗan. Yara ba sa wuce shi sai sun zauna.

To amma akwai abin da nake so ki sani kafin ku je, don shi ne ainihin daɗin wurin ga mai son tarihi: yawancin duwatsun da za ku gani a tsaye, ba tun wancan zamani suke tsaye ba. Sau biyu mutanen ƙauyen suka far musu. Na farko a ƙarni na 14, inda suka riƙa haƙa rami a gindin dutse su tura shi ciki su binne. Masana da yawa na danganta wannan da ƙyamar da coci ke yi wa kayan maguzanci, wasu kuma na ganin share gona ne kawai. Na biyu ya fi muni, a ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18. A wannan karon fasa su aka riƙa yi: a kayar da dutse a rami, a cika da ƙaiƙayi da itace a kunna wuta, in ya yi zafi a kwara masa ruwan sanyi, a bi da guduma. Da gutsattsarin aka gina gidaje da katangu. In kuna tafiya a titin ƙauyen ki dubi bangon tsofaffin gidajen da ƙaramin cocin da ke cikin da'irar, za ki ga duwatsun nan ne a ciki.

Mutum biyu ne suka ceci labarin. John Aubrey ya ci karo da wurin a 1649 yana farauta, ya ce fifikonsa a kan Stonehenge kamar fifikon babban cocin birni ne a kan na ƙauye, har maganar ta kai kunnen Sarki Charles na Biyu ya zo da kansa a 1663. Sai William Stukeley, wanda ya riƙa zuwa tsakanin 1719 da 1724, daidai lokacin da ake fasawa. Yana kallo ana ƙona duwatsu, ba shi da ikon hanawa, sai ya riƙa zana kowanne da inda yake. Ya yi kuskure a fassararsa, don ya jingina ginin ga Druid, malaman addinin gargajiyar Birtaniya ta da, alhali an gama shi fiye da shekara dubu kafin a ji ɗuriyarsu. Amma zanensa ya yi rana.

Ranar ta zo ne a shekarun 1930, da wani attajiri ɗan Sikotland mai suna Alexander Keiller, wanda ya gaji dukiyar gidansu ta sana'ar jam ɗin lemo a Dundee. Ya sayi filayen, ya tono duwatsun da aka binne, ya tayar da su ya kafe gindinsu da kankare. Inda ya sami ramin dutse amma dutsen an riga an fasa, sai ya kafa ɗan gajeren ginshiƙin siminti a madadinsa. Saboda haka in kika ga waɗannan ƙananan ginshiƙai, kowanne kabarin dutse ne. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da shi a 1939 bai wuce rabin yamma ba, shi ya sa ɓangaren gabas ya fi zama fayau. A 1943 ya sayar wa hukumar National Trust, ita ke kula da wurin har yau. Ni dai ina da ƙorafi a kansa. Don ya fito da da'irar, an rushe gidajen talakawa da dama da ke cikinta, aikin da ya ci gaba har bayansa, aka mayar da mutane wata unguwa a gefe mai suna Avebury Trusloe. An ceci tarihin shekara dubu huɗu da rabi, an share na 'yan ɗaruruwa. Wannan muhawara ce da Baba zai ji daɗin ta, ki jefa masa ita a kan hanyar komawa.

Labarin da na fi so a wurin na wanzami ne. A 1938 ma'aikatan Keiller suka ɗaga wani dutse a ɓangaren kudu maso yamma, sai ga ƙasusuwan mutum a ƙarƙashi. Tare da shi akwai almakashi, da wani siririn ƙarfe irin na binciken rauni, da tsabar azurfa uku na farkon ƙarni na 14. Daga kayan aka ce wanzami ne, domin a Turai ta wancan zamani mai aski shi ne mai tsaga da cire haƙori da fitar da mataccen jini, kamar dai yadda muka san wanzamai. An daɗe ana cewa yana taya tura dutsen ne ya faɗo masa. An kai ƙasusuwan Landan, aka ɗauka bom ya hallaka su lokacin yaƙi, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka sake gano su a ajiye, kuma da aka sake dubawa alamu suka nuna mai yiwuwa ya riga ya mutu kafin a binne shi a nan. Dutsen yana tsaye yanzu, ana kiransa da sunan wanzamin. Kayan da Keiller ya tono suna gidan kayan tarihin da ya buɗe a 1938, a tsohuwar bargar dawakin gidan sarautar ƙauyen. Ƙarami ne, rabin awa ya isa, amma kada ku tsallake shi. Shi ana biya.

A wannan harabar akwai tsohon rumbun sussuka na ƙarni na 17 mai rufin jinka, da ɗakin tattabaru zagayayye, da shi kansa gidan sarautar, Avebury Manor, na ƙarni na 16 da lambunsa. Cocin St James na gefe, asalinsa tun wajen shekara ta 1000, zamanin Saksan kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, kuma har yanzu ana iya ganin ƙananan tagogin wancan gini a bango. Da rana yawanci a buɗe yake, kowa na iya shiga ya duba gini. In Baba bai so shiga ba, kewaya maƙabartar ma karatu ne.

Yanzu ga maganar da nake ta nufa. Kuskuren yawancin baƙi shi ne su zagaya da'irar su sha shayi su tafi, suna ganin sun ga Avebury. Da'irar yanki ɗaya ce ta wani babban shiri da ya bazu a kwarin kogin Kennet, kuma shi ya sa a 1986 UNESCO ta sa yankin gaba ɗaya, haɗe da Stonehenge, cikin wuraren tarihi na duniya. Daga ƙofar kudu wata hanya ta fita mai duwatsu bibbiyu a jere, hagu da dama, ana ce mata West Kennet Avenue. A da ta yi tafiyar kusan kilomita biyu da rabi har kan tudun Overton. Ɓangaren farko Keiller ya tayar, kuma fili ne shimfiɗaɗɗe mai ciyawa, gwiwar Baba za ta iya. Ku bi ta tsakiya, ku yi nisa kaɗan, sannan ku juyo ku dawo kuna fuskantar ƙauyen. A nan ake gane dabarar. Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana ɓoye miki da'irar har sai kin zo daf, sannan manyan duwatsun ƙofa su bayyana. Wanda ya tsara ta ya san yadda ake shigo da ayari cikin taro. Ƙarshenta na can, wurin da ake kira Sanctuary, ba abin da ya rage sai alamomin kankare da aka sa bayan tonon Maud Cunnington a 1930. In lokaci ya ƙure ku bar shi. Daga gefensa ne tsohuwar hanyar Ridgeway ta tashi, mil 87 a ƙafa, wannan kuma na masu jini a jika ne.

Abin da ba za ku bari ba shi ne Silbury Hill. Yana bakin titin A4, akwai wurin ajiye mota da wurin tsayawa a kalla. In ba a gaya wa mutum ba zai ɗauka tsauni ne na Allah, alhali hannu ne ya tara shi, kwando bayan kwando na alli da ƙasa, wajen shekara ta 2400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kusan zamani ɗaya da dalar Masar. Tsayinsa ya haura mita 30, kuma babu tulin ƙasa na mutanen da da ya kai shi a duk Turai. Almarar wurin ta ce wani sarki Sil ne aka binne a ciki a kan dokinsa. Kwaɗayin wannan ya sa a 1776 aka kawo masu haƙar ma'adinai suka huda shi daga sama har ƙasa. A 1849 aka sake shiga ta gefe. Daga 1968 zuwa 1970 Richard Atkinson ya sake haƙa rami, BBC na nunawa a talabijin. Ba sarki, ba doki, ba zinariya, ba ma kabari. Abin da aka samu a tsakiyarsa ciyawa ce da ƙwari da suka ƙi ruɓewa. Ramukan nan kuwa ba a cike su da kyau ba, sai a shekara ta 2000 saman tudun ya burma. Aka yi babban gyara a 2007 zuwa 2008, aka ɗura alli aka toshe. A wannan aikin ne aka tabbatar ba lokaci ɗaya aka gina shi ba, ƙarami aka fara, ana ta ƙarawa. An hana hawa yanzu, kuma ina roƙonki ku kiyaye, ko da kun ga wani ya tsallaka shinge. Ki nuna wa Baba yadda titin ya ɗan karkace a wurin: tun Rumawa da suka shimfiɗa hanyarsu suka saita ta da tudun, suka kauce masa da suka iso.

Tsallaken titin, a kan tudu, akwai West Kennet Long Barrow, kuma shi ne dattijon duka. Kushewa ce ta gama-gari da aka gina wajen 3650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta girmi babbar dalar Giza ta Masar da fiye da shekara dubu. Tsawon tulin kusan mita 100, amma ɗakunan suna bakin gabas ne kawai: biyu hagu, biyu dama, ɗaya a ƙurya. An tona shi a 1859, sannan Stuart Piggott da Atkinson suka yi cikakken aiki a 1955 da 1956, aka sami ƙasusuwan mutum fiye da 30, maza da mata da yara. Ba kwance suke cikakku ba, an jera dogayen ƙasusuwa gefe, ƙoƙunan kai gefe, wasu sassan babu, alamar masu rai suna dawowa suna taɓa su. Daga baya aka cike ɗakunan aka toshe ƙofar da manyan duwatsu. Yanzu babu ƙashi ko ɗaya a ciki, ana shiga kyauta. Za ki zagaya bayan wani ƙaton dutse, ki ɗan sunkuya, sai ki ji sanyi ya buge ki da warin danshi, hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Ranar da na fara shiga lokacin zafi ne, ina tsaye a ɗakin ƙurya sai wata tsattsewa ta wuce ta gefen kunnena, ashe sheƙarta na saman dutsen. Ban san lokacin da na yi salati da ƙarfi ba, wasu Turawa biyu a bakin ƙofa suka yi ta dariya. Za ki iya tarar da guntun kyandir ko furanni da masu addinin gargajiya na zamani suke bari. Daga bakin titi zuwa can hawa ne na kamar minti goma sha biyar, ba mai tsanani ba, sai dai babu wurin zama a hanya. In Baba zai yi hawa ɗaya tak a tafiyar nan, wannan ne. Ku tafi a hankali, ku riƙa tsayawa kuna waiwayen Silbury, don daga nan ya fi kyan gani.

Da a ce ni ke jan tafiyar, kuma da mota, da kushewar zan fara da safe, sai Silbury, sai hanyar duwatsu, mu shiga da'irar a ƙarshe. Haka Baba zai fara da mafi tsufa da ƙarfinsa, ya shigo Avebury ta inda masu ita suke shigowa. In da bas ne, lamba 49 da ke zuwa Devizes tana tsayawa a tsakiyar ƙauyen, sai ku tsaya kan da'irar da gidan kayan tarihi da farkon hanyar duwatsu, don zuwa Silbury da kushewar a ƙafa da dawowa zai ci kilomita shida ko fiye. Ki duba jadawalin ranar, musamman Lahadi. Ni na taɓa shagala da hira na bar ta ta wuce, na yi zaman jiran wata cikin iska.

Rana ta biyu ki yi hayar mota in da hali. Devizes za ku fara. Gidan kayan tarihi na Wiltshire yana can, kuma a nan ne zinariyar da aka tono a kaburburan kewayen Stonehenge take, har da wani faranti mai kusurwa huɗu daga Bush Barrow wanda kyan zanensa zai sa ki manta shekarunsa sun kusa dubu huɗu. Ranar Alhamis kasuwar garin ke ci. A bayan gari kuma akwai Caen Hill, inda hanyar ruwan Kennet da Avon, wadda injiniya John Rennie ya tsara aka gama a 1810, take hawa tudu. Ƙofofin ruwa 29 ne a cikin mil biyu, 16 daga ciki a jere kamar matakala, suna ɗaga jirgi sama da mita 70. Jirgi ya shiga ɗaki, a rufe ƙyaure a bayansa, a saki ruwa daga sama har ya taso da shi, a buɗe na gaba. Da hannu ake yi har yau, kuma jirgi ɗaya kan ci sa'o'i kafin ya gama. Akwai benci, Baba zai zauna ya kalla. Jirgin ƙasa ne ya kashe kasuwar wannan hanya, ta lalace, masu sa kai suka farfaɗo da ita aka sake buɗewa a 1990.

Daga nan Lacock ba nisa. In Baba ƙauyen Turawa na da yake son gani, wannan ne: tituna huɗu, gidajen katako da dutse, kusan duka mallakar National Trust tun 1944. Gidan zuhudun mata da ke wurin wata mai sarauta Ela ta Salisbury ce ta kafa a 1232, aka mayar da shi gidan zama bayan Sarki Henry na Takwas ya rufe irin waɗannan gidaje. A cikinsa ne William Henry Fox Talbot ya ɗauki hoton wata taga a 1835, wanda shi ne mafi tsufan negatif, wato ainihin hoton da ake wanko sauran daga jikinsa, da ya rage a duniya. Tagar na nan. Kowa sai ya ɗaga waya ya ɗauke ta, kuma ban ga laifinsu ba.

A hanyar dawowa ta A4 ki rage gudu wajen Cherhill, za ku ga farin doki a jikin tudu. An kankare ciyawa ne allin ƙasa ya fito, a 1780, da dogon ginshiƙin Lansdowne na 1845 a samansa. Kallo daga mota ya isa. Kada wani ya ce muku dokin na zamanin duwatsun ne, dawakan Wiltshire duk na baya-bayan nan ne. Marlborough kuma garin cin abinci ne da hutawa, mai faffaɗan titi da coci a kowane ƙarshe.

Stonehenge fa? In Baba ya nace, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce daga Avebury, ki sayi tikiti tun kafin ranar, ku bar Lacock. Ya cancanci gani, sassaƙar da ɗora dutse kan dutse babu irinta. Sai dai ki gaya masa binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna kusan duk manyan duwatsunsa daga West Woods aka ɗauko, wani daji da ke kusa da Marlborough, wato maƙwabtan Avebury. A Lockeridge Dene, 'yan mintuna daga can, har yanzu irin duwatsun na kwance a fili yadda Allah ya ajiye su, daga nesa kamar garken tumaki.

Saura 'yan abubuwan da za su iya ɓata tafiya. Allin nan in ya sha ruwa santsinsa kamar sabulu, kuma yana manne wa takalmi, don haka Baba ya ajiye takalmin fatarsa mai sulɓi, ki saya masa mai gurzan ƙasa, da sanda, da rigar ruwa, don laima ba ta jure iskar tudu. Babbar riga ta zauna a gida ranar nan. Titin mota ya ratsa tsakiyar da'irar, da lanƙwasa mai ɓoye motoci, sau da yawa za ku tsallaka shi, ku bi ta ƙofofin da aka tanada. Duk ƙyauren da kuka buɗe ku rufe saboda tumaki. Akwai wani ganye mai ƙaiƙayi a bakin shinge, in ya taɓa fata kamar an watsa barkono, kada a kama shi. Ku kauce wa ranakun 20 zuwa 22 ga Yuni, lokacin da rana ta fi tsawo, don masu bikin gargajiya na cika wurin, wurin ajiye mota ma sai an sha wuya. Daga Mayu zuwa Satumba ya fi daɗi. A Disamba kuwa wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a matse suke.

Abinci, akwai wurin shan shayi a harabar rumbun, za a sami miya ta kayan lambu da burodi da kek. Mashayar Red Lion mai rufin jinka, wadda ke cikin da'irar, tana sayar da abinci, amma na san dattawanmu, da wuya Baba ya yarda ya zauna inda ake zuba giya, ko da shayi zai sha. Naman halal sai Swindon. Ni abin da nake yi, in dafo shinkafa in zuba a kula, da fulas na shayi mai citta. Masallaci ma sai Swindon, don haka ku yi alwala kafin ku fito ko a bayan gidan da ke harabar, ki riƙe darduma mai leda a ƙasa saboda raɓa. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ta fi karkata gabas. Ku ɗan matsa nesa da duwatsun, can gefen fili wajen shinge, ki fara duba ƙasa da kyau kafin ki shimfiɗa, don tumakin nan ba inda ba su bi ba.